Ƙanena yana son sayen tsohon gida a Zutphen ta ƙasar Holan, ya ce in sayar da filinsa na Ɗanbare

Abban Walida

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka zauna a ƙasar Holan ko suke da ɗan'uwa a can.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda nake sayarwa, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidan. Autanmu ya tafi karatun noma a Wageningen, da ya gama ya samu aiki a Apeldoorn. Shekararsa 37, matarsa 'yar Gwale ce, 'ya'yansu biyu, kuma har yau haya suke yi. Yanzu ya ga gida a wani ƙaramin gari mai suna Zutphen, a bakin kogin IJssel, ya ce jirgin ƙasa ɗaya ne daga nan zuwa wajen aikinsa. An sa wa gidan yuro 425,000, a gaban kuɗin kuma akwai wasu haruffa biyu, k.k. Ya ce banki zai ba shi bashi, amma sai ya kawo nasa kuɗin a hannu, don haka yake so in sayar da filinsa na Ɗanbare in tura masa.

Ya turo mini bidiyon gidan. Ba zan ɓoye ba, yana da kyau. Jan bulo ne, siriri, hawa uku, a wani lungu da aka shimfiɗe da duwatsu, jikinsa manne da na maƙwabta hagu da dama. Amma ƙofar gidan a kan titi take kai tsaye, babu zaure, babu katanga, kuma tagar falon ƙatuwa ce, mai wucewa yana ganin wanda ke zaune a ciki. Matattakalar kuwa a miƙe take, har sai da ya juyo da baya ya riƙe ƙarfe sannan ya sauko. Nan take Hajiyarmu ta faɗo mini a rai, ita da ciwon gwiwa ya sa take sallah a kan kujera.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarun gidan. Ya ce ya haura shekara 300, kuma wai yana cikin rajistar gidajen tarihi, ko taga ba ka da ikon canzawa sai da izini. A nan idan mutum ya sayi tsohon gida a Mandawari ko Yakasai, kowa ya san filin ya saya, zai rushe ya yi nasa. To shi mene ne yake saye, idan ba zai taɓa ba? Kuma tunda bankin ya yarda zai biya kuɗin gidan, kuɗin filin na mene ne?

Yaron nan ba mai rawar kai ba ne. Tun yana ƙarami yake son tsofaffin abubuwa, Gidan Makama ya zame masa wurin zuwa, yanzu ma labarin da yake ta ba ni shi ne na wani ɗakin karatu a cocin garin, tun na 1564, wanda littattafansa ke ɗaure da sarƙa. Filin nasa ne, da guminsa ya saya, amana kawai yake a hannuna. Amma Hajiya da ta ji maganar sai ta yi shiru, can ta ce wanda ya sayi gida ai ya zauna ke nan. Wannan maganar ta hana ni barci. Ku taimaka mini da abin da kuka sani, Allah ya saka da alheri.

Na Bakin Wapa

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni canji nake yi, kullum ina ganin masu irin wannan. Kada ka yi gaggawar sayarwa. Ka ɗauki kuɗin filin ka raba da farashin yuro na yau, za ka ga abin da zai isa hannunsa bai taka kara ya karya ba a kan 425,000. Shi kuwa filin, Ɗanbare ta yau ba ta shekara goma baya ba ce, gari ya riga ya miƙa ta bayan sabuwar jami'a. Ranar da ya ce zai dawo, da wuya kuɗin nan ya sake saya masa irinsa. Ya fara nemo abin da zai iya tarawa a can tukuna.

Maman Hanif

Yaya Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Ni 'yar Fagge ce, aure ya kai ni Deventer, tasha ɗaya ce tsakaninmu da Zutphen a jirgin ƙasa, kuma mun sayi gida a can, don haka bari in warware maka maganar kuɗin.

Waɗannan haruffa biyun, k.k., suna nufin duk ɗawainiyar cinikin a kan mai saye take. Tun 2018 banki ba ya ba da bashin da ya wuce kimar gidan, kuma ba kimar da mai gida ya faɗa ba, wadda mai ƙiyasi mai lasisi ya rubuta. Duk abin da ya hau kan wannan daga aljihunka zai fito. Akwai harajin sauya mallaka, kashi 2 cikin ɗari ga wanda zai zauna a gidan da kansa, wato yuro 8,500 a wannan farashin. Akwai kuɗin notaris, shi ne lauyan da hukuma ta naɗa wanda ba a cinikin gida sai ta hannunsa. Akwai kuɗin rajista a Kadaster, ofishin filayensu, da kuɗin mai ƙiyasi, da na mai ba da shawarar bashi, da la'adar dillali idan ya ɗauki nasa. Ina ba shi shawara ya ɗauka, domin dillalin da ya zagaya da shi gidan na mai sayarwa ne, shi yake wa aiki.

Sai abin da ya fi cin kuɗin mutane. A can farashin da ka gani a Funda, shafin da ake tallar gidaje, sau da yawa mafari ne kawai. Ana sa rana, kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, mai gida ya zaɓa. Idan ƙanenka ya taya 445,000 aka sallama masa, mai ƙiyasi kuma ya ce gidan 430,000 ne, to 15,000 ɗin nan babu ruwan banki da ita. Ina jin wannan ramin yake so ya cike da kuɗin filin. Ka tambaye shi ƙarara nawa yake shirin tayawa.

Akwai sauƙi guda da ya kamata ya bincika. Wanda bai kai shekara 35 ba ana yafe masa harajin nan sau ɗaya a rayuwa, muddin gidan bai wuce wata iyaka ba. A 2025 iyakar yuro 525,000 ce. Shi ya wuce shekarun, amma idan matarsa ba ta kai ba kuma da sunansu biyu za a saya, rabinta ba a biyan komai a kai, sai ya zama 4,250. Sai dai su zauna su fahimci abin da hakan ke nufi, rabin gidan nata ne a doka.

Yanzu wurin da nake so ka buɗe kunne sosai, Yaya. A can maganar baki ba ta ɗaure ciniki, ko an yi musabaha, sai an sa hannu a takarda. Bayan ya karɓi takardar da aka sa wa hannu yana da kwana uku da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba. Kwana ukun nan na wucewa, idan ya janye, tarar kashi 10 cikin ɗari ce, wato yuro 42,500 a kan wannan gidan. Abin da ke ceton mutum shi ne sharuɗɗan da ya sa aka rubuta a ciki: cewa idan banki ya hana bashi ciniki ya warware, idan kuma mai duba gini ya gano gyaran da ya wuce kaza ciniki ya warware. Masu son a zaɓi tayinsu suna cire waɗannan sharuɗɗan don su burge mai gida. A sabon gida ma ban yarda da hakan ba, balle gidan shekara 300. Ka roƙe shi kada ya cire ko ɗaya, ko da zai rasa gidan.

Ta fuskar mallaka kuwa ka kwantar da hankalinka. Ba a hana baƙo sayen gida, kuma babu zancen a sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Kuɗi asusun notaris suke shiga, ba hannun mai gida ba, kuma ba ya sakin su sai ya tabbatar an shigar da sunan mai saye a Kadaster babu wani bashi ko ƙara a kan gidan. Da 'yan yuro kaɗan kowa zai iya neman bayanin mai gidan da nawa ya saye shi. Ya dai duba ko ƙasar da gidan ke kai tasa za ta zama, domin a wasu garuruwan, musamman Amsterdam, ginin ne naka, ƙasar kuwa haya ce daga hukuma. Sannan sayen gida ba ya ba mutum takardar zama, ita ma takardar zaman da yake da ita banki zai duba irinta kafin ya amince.

Maganar taga kan titi gaskiya ce, kuma matarsa ce za ta fi jin ta. Mutanen can da yawa ba sa sauke labule ko da daddare, kana tafe kana ganin suna cin abinci. Mu farin labule mai shara-shara muke sawa da rana, mai kauri da dare, wasu kuma su manna wata leda mai dishi-dishi a rabin gilashin na ƙasa. Katanga dai ba za a bari ya yi ba. Ya duba ko akwai ɗan tsakar gida ta baya da maƙwabta ba sa leƙowa, don nan ne mace take shan iska ba mayafi. Akwai masallacin Turkawa a garin, nama na halal ma ba ya wuya, amma Bahaushe sai an tona. Ya tambaye ta tsakani da Allah ko za ta iya, kada ya yanke shi kaɗai.

Injiniya Gwammaja

Ranka ya daɗe Alhaji. Maman Hanif ta gama da kuɗi, ni ginin zan taɓa. Na yi karatun harkar ruwa a Delft, kuma ɗakin da na zauna a tsohon gida yake, yanzu ina aikin gine-gine a nan Kano.

Tambayarka ta mene ne yake saye ita ce tambayar. Amsar ita ce gida yake saye tare da nauyin kula da shi, kuma nauyin doka ce, ba ganin dama ba. Abu na farko, ya gano wane irin rajista gidan yake ciki, don iri-iri ne. Akwai na ƙasa baki ɗaya, rijksmonument, sun haura 60,000 a faɗin Holan, kuma rajistarsu a buɗe take a intanet, adireshin kawai zai sa. Akwai na ƙaramar hukuma. Akwai kuma gidan da shi kansa ba ya cikin rajista amma yana cikin unguwar da aka kare fasalinta, kuma tsakiyar Zutphen haka take. Bambancin yana da girma. A na ƙasa kariyar ta haɗa har da ciki: katakon rufi, murhun bango, matattakalar nan da ta tsorata ka. Gyara na yau da kullum da kaya iri ɗaya da launi iri ɗaya ba ya buƙatar izini. Amma fasa bango, canza taga, sauya matattakala, duk sai ƙaramar hukuma ta ba da izini bayan kwamitin masana ya duba, kuma yana ɗaukar makonni ko watanni. Wanda ya yi ba izini ana iya tilasta masa ya mayar yadda yake da kuɗinsa.

Ba su bar mai gida haka kawai ba. Tun 2019 akwai tallafin da mai gidan zama na rajistar ƙasa yake nema tsakanin 1 ga Maris da 30 ga Afrilu, a mayar masa da har kashi 38 cikin ɗari na abin da ya kashe a shekarar da ta gabata wajen kiyaye ginin, kamar rufi da fenti da katako. Sabon kicin ko banɗaki ba sa ciki. Kuma ka lura, sai ya kashe nasa tukuna. Akwai asusun Nationaal Restauratiefonds mai ba da rance don gyara, akwai kuma Monumentenwacht, ƙungiya ce tun 1973, kana biyan kuɗin shiga su riƙa zuwa suna hawa rufin suna rubuta maka abin da ya fara lalacewa. Ya tambayi mai gidan ko yana da rahotanninsu na baya. Idan akwai su a jere, alama ce mai kyau. Idan babu ko ɗaya, ya ƙara sa ido.

Kai da ka tashi a cikin gari ka san gidan ƙasa: idan ana yaɓe ana gyara indararo kafin damina zai ga jikoki, idan aka yi sakaci shekara biyu azara ta fara ruɓewa. To haka nasu yake, sai dai su ruwan ba shi da lokaci, duk shekara ake yi. Ga abin da na gani da idona a inda na zauna. Bangon bulo ɗaya ne, babu rata a tsakiya irin ta gidajen da aka gina daga shekarun 1920, saboda haka sanyi da laima suna ratsowa kai tsaye. Da safe a watan Janairu gilashin taga yana zubar da ruwa ta ciki, sai ka sa tsumma a gindinsa, idan ka matsar da kabad ka tarar da baƙin fumfuna a bayansa. Kan katakon da ya shiga cikin bango shi ne ke fara ruɓewa, ta waje lafiya lau, sai an soka ƙarfe a ji ya nutse. Akwai ƙwaron da ke cin katakon, alamarsa 'yan ƙananan huji da gari a ƙasa. Kuma da farar ƙasa aka gina su, idan wani ya taɓa yin faci da siminti, laimar ba ta samun hanyar fita sai ta ci bulon.

Wannan ya kai mu ga kuɗin ɗumama gida, wanda mu a nan ba ma lissafa shi. Ya nemi takardun gas da wuta na mai gidan na shekara biyu ko uku, ya ga zahiri. Gilashi mai ruɓi biyu irin na kowa sau da yawa ba a yarda da shi a irin gidan nan, sai wani siriri na musamman mai tsada. Ya sa a duba bututun ruwa, don gidajen da suka girmi 1960 ana samun na dalma, kuma yana da yara ƙanana. A duba asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, wanda sai 1993 aka hana shi, ana samunsa a gyare-gyaren da aka yi kafin nan. Kuma zai tarar da wani sharaɗi a takardar ciniki da ke cewa mai saye ya san gidan tsoho ne, ba zai dawo da ƙorafi ba. Da wannan sharaɗin, duk abin da ya ɓullo daga baya nasa ne. Shi ya sa mai duba ginin ya zama wanda ya ƙware a tsofaffin gidaje, ba na awa ɗaya ba.

Inda ya yi dace shi ne wurin. A yammacin ƙasar, irin su Gouda da Dordrecht da Zaandam, ƙasar taɓo ce, gidaje da yawa a kan turakun itace suke tsaye, idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya kan turakun ya sha iska sai ya ruɓe, gida ya fara karkata, gyaran kuma dubunnan yuro ne masu yawa. Tsohon garin Zutphen a gabas yake, a kan tudun yashi, don haka wannan matsalar ba ita ce ta gaba ba. Kogin dai yana cika. A 1995 sai da aka kwashe mutum kusan 250,000 daga yankin manyan kogunan ƙasar, a ƙarshen 2023 kuma an jera buhunan yashi a bakin kogi a Deventer. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliyar babban kogi. Ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya duba bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa.

Ni dai ban ga laifin yaron ba da ya so gidan. Badalarmu tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, ƙarni ɗaya da lokacin da Zutphen ta samu matsayin birni. Su har yau hasumiyoyinsu da guntayen ganuwarsu suna tsaye ana kula da su. Mu kuwa duk wanda ya bi ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya san abin da ya rage. Wannan dokar da ke hana shi canza taga ita ce ta sa akwai abin da zai saya. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Malam Na Gwale

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. An yi bayanin kuɗi da gini, saura abu biyu da ban ji an ambata ba, kuma su ne za a tambaye mu a kansu.

Bashin nan da ruwa yake. Haramcin riba ba abin jayayya ba ne. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne Musulmin da ke zaune a ƙasar da babu wata hanya. Majalisar Fatawa ta Turai ta yi fatawa a 1999 cewa ya halatta saboda buƙata, da sharaɗin gidan na zama ne ba na kasuwanci ba, ba shi da wani, kuma ba shi da halin saye ba tare da bashin ba. Malamai da yawa ba su karɓi wannan fatawar ba, sun ce muddin akwai haya babu larura. Ni ba zan yanke masa ba daga nan, ban san halin da yake ciki ba. Amma ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ya faɗa masa komai ba ragi, tun kafin ya yi tayi. Ya kuma bincika ko akwai masu yin murabaha ko musharaka a can, irin wadda bankunan Musulunci ke yi a nan.

Na biyu gado. Rai na hannun Allah. Idan ta Allah ta kasance, da wace doka za a raba gidan? Hajiyarku tana da sudusi a dukiyarsa tunda yana da 'ya'ya. Dokar can ta san da wannan?

Abban Walida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Gidan na rajistar ƙasa ne, matarsa shekararta 29, kuma ya yi mini alkawarin ba zai cire sharuɗɗan nan biyu ba. Malam, Allah ya gafarta, ya ce maganar ruwan ta daɗe tana damunsa, ita ce ma ta sa ya kai wannan shekarun yana haya, kuma zai je wajen malaminsu kafin ranar tayi. Idan aka ce masa a'a, ya ce ya haƙura.

Game da filin, ga abin da na yanke. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, kuma ba na so filin ya fita daga gidanmu. Ni zan saya, a farashin da dillalai uku suka faɗa, ba ragin 'yan'uwantaka. Duk ranar da ya dawo yana so, in sayar masa. Na gaya wa Hajiya haka, ta ce Allah ya yi mana albarka, ta kuma ci abinci.

Maman Hanif, ta yaya zan tura kuɗin? Akwai wanda ya ce in ba shi naira a nan, ɗan'uwansa a Beljiyam ya zuba wa yaron yuro a asusu.

Maman Hanif

Yaya, kada ka bi wannan hanyar ko da ta fi araha. Banki da notaris doka ta ɗora musu tambayar asalin kuɗi, kuma idan suka ga dubunnan yuro sun shigo daga sunan wanda ba shi da alaƙa da ku, suna iya tsayar da komai har ranar sa hannu ta wuce, tarar nan kuma tana jiransa. Najeriya ta zauna a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan harkar kuɗi daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025, har yanzu kuɗin da ya fito daga gida ana duba shi da kyau.

Tunda ciniki ne tsakanin wa da ƙane, ku ma fi tsananta takardu. Lauya ya rubuta yarjejeniyar sayarwa da Turanci, da shaidu, a haɗa da takardar da ya sayi filin da ita tun farko da abin da dillalan suka rubuta. Ka biya daga asusunka zuwa asusunsa na Najeriya, kada ka ba da tsaba. Daga nan ya fita ta banki ko kamfanin tura kuɗi mai lasisi, da sunansa zuwa sunansa, a ajiye kowace rasit. Ku fara da wuri, don akan nemi ajiyar kashi 10 ko takardar lamunin banki makonni kaɗan bayan sa hannu. Idan kuma za ka ƙara masa wani abu daga naka, ka rubuta ko kyauta ce ko rance, domin rance yana rage abin da banki zai ba shi.

Tambayar Malam kuwa, dokar can ba ta ba uwa komai idan akwai mata da 'ya'ya. Matar ce ke riƙe dukiyar, 'ya'ya mace da namiji rabonsu ɗaya, kuma a ƙa'ida sai bayan ranta suke karɓa. Tun Agustan 2015 dokar Tarayyar Turai ta ce dokar ƙasar da mutum yake zaune ita ake bi, sai dai idan ya rubuta wasiyya ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗanta. Don haka ya yi wasiyyar tun yana riƙe da fasfon Najeriya, a wajen notaris ɗin da zai yi cinikin, ya faɗa masa ƙarara rabon Musulunci yake so har da kason mahaifiyarsa, shi kuma ya gaya masa yadda za a rubuta ta yadda za ta tsaya a can. Idan matarsa ba ta jin yaren sosai, dole a kawo tafinta mai rantsuwa ranar sa hannu, kuma su ne za su biya shi, ya sa wannan ma a lissafi.

Hajiya kuma idan za ta zo, bizar ziyara kwana 90 ce mafi yawa. Ya auna ɗakin ƙasa ya ga ko gado zai shiga, ya kuma duba ko akwai banɗaki a ƙasan. Idan babu, ya tambayi ƙaramar hukuma tun yanzu ko za su yarda a yi, kafin ya rubuta tayinsa.